Zoɓon da muka raina, shi Meziko ke saye da dala

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: mutum a kicin ɗinsa, gabansa kofin gilashi da ƙanƙara, ya tsiyaya wani jan ruwa, ya ɗora yankan gasasshiyar abarba a bakin kofin, sannan ya kifa wani murfi ya cika shi da hayaƙi. Yana ɗage murfin hayaƙin ya tashi a hankali, sai ka ga dubban mutane sun danna alamar so. Abin da yake haɗawa sunansa koktel, kuma sau da yawa ginshiƙin haɗin wata giya ce ta ƙasar Meziko da ake kira meskal.

Bari in cire wa mai karatu shakka tun daga nan. Meskal giya ce, haramun ce a addinina, kuma doka ta hana ta a jihar Kano tun da aka ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000. Ba na kiran kowa zuwa gare ta. Abin da ya sa na kawo zancenta cikin mujallarmu shi ne jan ruwan nan da ake tsiyayawa a kanta. A yawancin bidiyoyin nan, zoɓo ne. Zoɓon dai da kuka sani, wanda ake ƙullawa a leda a bakin get. Kuma ba abin mamaki ba ne a ce daga gonar wani mutumin Jigawa ko Kano ya fito, ya bi ta kasuwar Dawanau, ya shiga kwantena zuwa Legas, ya ƙetare teku.

Mutanen Meziko suna kiransa hamaika. A titunansu ana jera manyan tulunan gilashi, wannan na jan ruwan hamaika, wancan na ruwan tsamiya, na gefensa kuma wani farin ruwa ne mai kama da kunu. Suna noma zoɓon a wajensu, musamman a jihar Gerero, amma ba ya isarsu, don haka suke saye daga waje, Najeriya kuma tana sahun gaba cikin masu sayar musu. 'Yan kasuwar Dawanau sun san wannan a jikinsu. A 2018 da Meziko ta rufe ƙofarta saboda wani ƙwaron rumbu da aka samu cikin kayan da aka tura, buhuna suka yi ta zaman jiran tsammani a sito, farashi ya karye, manomin da bai taɓa jin sunan ƙasar ba ya ji zafin abin a aljihunsa. Sai bayan shekaru aka sake buɗewa, bisa sharaɗin a riƙa kashe ƙwarin kayan da magani kafin a loda. Ita ma aya haka take. 'Yan Sifaniya na sayenta daga Nijar da Mali da Burkina Faso, su haɗa da tasu, su yi kunun aya a Balansiya, masu yawon buɗe ido na bin layi suna sha.

To, shi hayaƙin fa, daga ina? Nan ne labarin ya fi ɗaukar hankalina. Ana yin meskal ne da wani tsiro mai suna agabe, mai kama da alobera amma ya ninka ta girma nesa ba kusa ba. Nau'in da aka fi amfani da shi yakan ɗauki shekara bakwai zuwa takwas kafin ya nuna. Idan ya nuna sai a sassare ganyen, a bar zuciyar, wadda ke kama da wata ƙatuwar abarba. A haƙa rami, a cika shi da itace da duwatsu, a hura wuta har duwatsun su yi ja, a jibga zukatan a kai, a rufe da tabarmi da ƙasa, a bar su kwana da kwanaki suna gasuwa. Daga ramin nan ɗanɗanon hayaƙin yake. Bayan an tone, a ƙauyuka da yawa na jihar Wahaka har gobe doki ko jaki ne ke jan wani ƙaton dutse yana zagayawa yana murƙushe su. A da abin shan talakan ƙauye ne, mutanen birni na yi masa kallon raini. A 1994 gwamnatin Meziko ta ba sunan kariya ta doka, ta yadda ba kowa ne zai yi abu a ko'ina ya kira shi meskal ba. Yau kwalbarsa na tsada a Landan da Niyok, kuma a jikin kwalbar sai ka ga an rubuta sunan ƙauyen da aka yi shi, da sunan mutumin da ya gasa shi.

Yanzu ku zo mu dawo gida. Wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya lokacin sanyi ya san yadda rake ke jibge a bakin hanya, daga Kwanar Ɗangora har ka shiga yankin Maƙarfi. Wanda kuma ya taɓa ratsa fadama zuwa inda ake yin mazarƙwaila ya ga abin da zan faɗa da idonsa. Injin matse rake, wanda a da doki ke zagayawa da shi, yanzu galibi injin mai ne. Ruwan raken a manyan kasaken ƙarfe, wuta na ci a ƙasa, makamashin kuma shi ne busasshiyar tuƙar raken da aka matse. Ana juyawa ana kwashe kumfa har ya yi kauri ya yi duhu, a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Ɗanɗana ta ka ji: zaƙi ne mai ɗan ƙauri, mai ƙamshin wuta, wanda farin sukari ba shi da shi ko kaɗan. Doki, wuta, hayaƙi, ƙauye. Duk abin da mutanen Wahaka ke rubutawa a jikin kwalba suna alfahari, muna da irinsa tsakanin Kiru da Bebeji, kuma namu ba ya sa maye. Su ma 'yan Mezikon suna da tasu mazarƙwailar, sunanta filonsiyo, suna sa ta a kofi da kayan zaƙi, ba wanda ke jin kunyarta.

Mu kuwa fa? An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda nake gani kullum. Ka dubi abin da ke hannun ɗalibai lokacin jarabawa: gwangwanin lemon ƙarin kuzari, wani ma biyu a dare ɗaya, ciki ba komai. Ka dubi dinar 'yan ajin ƙarshe da makon ɗalibai: katan-katan na lemon kwalba, sai kuma sabon yayin da ya shigo, moktel. Mene ne moktel ɗin da ake kawo mana? Lemon kwalba ne kala biyu aka gauraya, aka ƙara jan sirof, aka jefa yankan kokwamba da tsinken roba, aka ninka kuɗin. Idan wata ta kawo zoɓo wurin taro a jarka, sai ka ji ana cewa ai abin bai yi aji ba. Idan aka zuba ruwan kala a dogon kofi, kowa ya ciro waya yana hoto. Wallahi abin na ba ni dariya, yana kuma ba ni haushi.

Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wato cokalin shayi goma sha biyu ko fiye. Wannan kusan shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ganin ya kamata baligi ya sha a yini guda, daga shayin safe har abincin dare. A 2022 gwamnatin tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, kuma ba kamfani ne ke biya daga aljihunsa ba, mai sha ne. Ba na cewa mazarƙwaila magani ce. Sukari ce ita ma, mai ciwon suga ya kiyaye ta kamar yadda zai kiyaye farin. Bambancin shi ne idan kai ka haɗa abinka, hannunka ne ke auna yawanta, kuma tsamin zoɓo da ƙamshin wuta na sa kaɗan ta wadatar.

Ga yadda nake haɗa nawa, ga mai son gwadawa. Zoɓo busasshe cikin gwangwanin madara biyu, a wanke shi sau biyu da ruwan sanyi da sauri, don ƙasa da tsakuwa su fita ba tare da kalar ta tsiyaye ba. A tafasa ruwa lita biyu da ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, a daddaka ta, da ƙwayar kanumfari biyar ko shida. Idan ya tafasa a sauke, sannan a zuba zoɓon a rufe, a ba shi rabin awa. Yawancin masu sayarwa na barin zoɓo a kan wuta yana ta ɓararraka don ya yi auki, shi ya sa yake yin baƙi da ɗaci, har sai an dafka masa zaƙi da filebo kafin ya shawu. Tsamiya kuma a jiƙa ta daban, sili uku ko huɗu a ruwan ɗumi, a murje a tace. Kar a cika ta, don zoɓo ma da nasa tsamin.

Sai abarba. A fere ta a yanka da faɗi, a ɗora a kan waya bisa garwashin da ya gama hayaƙi ya yi ja, a bar kowane gefe har ya yi zanen ƙuna. Wuta na ƙona zaƙin da ke samanta ya koma ruwan ƙasa, daidai abin da ke faruwa a kaskon mazarƙwaila. Rabi a daka ko a markaɗa a tace cikin zoɓon, rabi a yanka ƙanana a ajiye na sawa a kofi. Idan ba lokacin abarba ba ne ko ta yi tsada, mangwaron da bai gama nuna luguf ba na gasuwa da kyau, kuma da bazara ai mangwaro har zubewa yake yi a garuruwanmu. Mazarƙwaila guda ɗaya matsakaiciya, a farfasa ta a narkar a ruwan zafi kaɗan, a tace, don ba ta rasa ɗan tsinke ko yashi. A riƙa zubawa ana ɗanɗanawa. A ƙarshe gishiri ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka. Kar ku raina gishirin nan, shi ke fito da ɗanɗanon sauran. Mai son yaji ya sa ɗan garin barkono ko masoro.

Shi hayaƙin nan na bidiyo, ba ka bukatar wata na'ura. Ɗauki garwashi guda a ƙaramin kasko, ɗora masa kanumfari biyu ko ɗan guntun kirfa, kifa jug ɗin da za ka zuba zoɓon a kai na minti ɗaya, ɗage, ka zuba nan take ka rufe. Wannan ma ba daga Meziko muka koyo ba. Kakanninmu mata sun san turara randa, sun san jefa saiwar jema a ruwan sha don ya yi ƙamshi, tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro TikTok. Amma don Allah, 'yan hostel, a yi gashin a waje. Gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da kala, kuma tana kisa cikin barci. Kada kuma a hura wutar da leda ko katako mai fenti, don duk abin da ya ƙone a bakinka zai ƙare.

Na san akwai waɗanda za su ce wannan ai kwaikwayon mashaya ne, an dai cire giyar kawai. Ban raina wannan magana ba, don akwai gaskiya a cikinta. Idan yaro ya saba riƙe kofin da aka ƙera don giya, yana kiran abin da ke ciki da sunan da mashaya ke kiran nasu, yana karo kofi da abokinsa kamar yadda ya gani a fim, to tazarar da ke tsakaninsa da ainihin abin ta ragu. Amma ku duba da kyau, wane ne a cikin biyun ya fi kusa da wannan haɗari? Chapman ɗin da ake sha a wuraren biki, ainihin haɗinsa ana ɗiga masa wani ruwa mai ɗaci da ake kira Angostura, wanda kashi 44.7 cikin ɗari na kwalbarsa barasa ce. Wasu masu haɗawa ba sa sawa, wasu na sawa, kuma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa tambaya kafin ya kai baki? Zoɓo da tsamiya da mazarƙwaila kuwa ka san asalin kowannensu. Ka kira shi zoɓo, ka zuba shi a kofin da kake shan ruwa, ko a moɗa ma idan ka ga dama. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da ke da zaƙi idan ya daɗe a zafi zai fara tsami ya yi kumfa. Idan ka buɗe gora ka ji ta yi tsit, zubar da shi. Kuma a makarantar da ke da Musulmi da Kirista, 'yan Kano da 'yan Kudu, ban san wani abin sha da kowa ya yarda da shi ba tare da tambaya ba kamar zoɓo. Har a Legas da Inugu sunansa ke nan, da sunanmu suke kiransa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce ainihin abin da ya sa zoɓo ya rasa daraja: tsafta. Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Gorar da ake zuba shi a ciki, sau da yawa tsinto ta aka yi. Daga wurin biki, daga tasha, daga bola, wani lokaci har daga harabar asibiti. A ɗauraye da ruwa ɗaya a cika. Ruwan da aka sirka da shi ba a san daga wace rijiya ba, ƙanƙarar ma haka. Wasu na sa sakarin maimakon sukari don ya fi araha, su ƙara kala don su rage zoɓon. Ɗalibin da ya taɓa kwana yana zarya bayan ya sha irin wannan ranar jajibirin jarabawa, ba za ka ga laifinsa ba idan ya koma wa kwalbar kamfani mai hatimi. Matan da ke wannan sana'a kuma ba mugunta ce ke sa su ba. Sabuwar gora kuɗi ce, ribar kuma ba ta taka kara ta karya ba.

To amma a ina muke? Kwalejin kimiyya da fasaha muke fa. Muna da ɗakin gwaje-gwaje, muna da masu karanta kimiyyar gwaji, muna da darasin koyon sana'a da hukumar NBTE ta wajabta wa kowa, wanda da yawanmu ke wucewa da haɗa sabulun ruwa guda ɗaya a kai wa malami. Zoɓo abu ne mai tsami sosai, shi ya sa ya fi kunun aya jure ajiya. Kunun aya cikin 'yan awoyi yake lalacewa idan babu sanyi. Idan aka dafa zoɓo da ruwa mai kyau, aka ɗura shi da zafinsa a kwalbar gilashin da aka tafasa, aka toshe, zai yi kwanaki. Kwana nawa daidai? A zafin Afrilu fa, ko a sanyin Janairu? Mazarƙwailar wace fadama ce ta fi ƙamshi, kuma yaya za a tace ta ta fita fes ba tare da ta rasa ƙamshin ba? Waɗannan tambayoyi ne da ɗan ajin ƙarshe zai iya amsawa da kayan da ke ɗakin gwajinmu, a maimakon kwafo furojet ɗin da aka yi shekara goma da suka wuce a canza sunan gari. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga sun kai kilishinsu da albasar Galmi hukumar OAPI an yi musu rajista da sunan inda suka fito. Mu ko auna yawan zoɓon da ke shiga lita ɗaya ba mu yi mun rubuta ba.

Ga abin da nake nema daga shugabannin ƙungiyarmu, kuma bai fi ƙarfinsu ba. A makon ɗalibai mai zuwa, rabin kuɗin da aka ware wa abin sha a ba ɗalibai da matan unguwa masu sana'ar zoɓo, lamurje da ruwan tsamiya, bisa sharuɗɗa a rubuce: dafaffen ruwa, sabuwar gora ko tafasasshiyar kwalba, ba sakarin ba kala, a liƙa takarda mai ɗauke da ranar da aka yi da abin da aka sa a ciki. A roƙi sashen gwaji ya ɗebi samfur ya duba kwana biyu kafin taron, wadda tata ta faɗi a gaya mata dalili a asirce, a ba ta damar gyarawa. Wadda ta ci kuwa a ba ta shaida ta manna a teburinta na bakin get, don ɗalibai su san inda za su saya ko bayan an watse. Kuɗin da ke tafiya kamfanin lemo zai tsaya a hannun mai zoɓo, ya wuce wurin mai mazarƙwaila, ya kai ga manomin rake. Wasu cikin manoman nan iyayenmu ne, da kuɗin raken ma suka biya mana rajista.

Kwamitin walwala ya lura da lokaci. Zoɓo ya fi araha bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin ne kuma injinan mazarƙwaila ke aiki ba dare ba rana. Dukansu biyu suna ajiyuwa watanni idan wurin ya bushe. Citta ce kawai za ta ɗan ci kuɗi, don tun cutar da ta afka wa gonakin kudancin Kaduna a 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabi. Idan ta gagara, a rage ta a ƙara masoro.